Kafin Ku Kawo Mana Yaro da Kumburarren Kunci

Wata Litinin da hantsi wani magidanci ya shigo ɗakin da nake aiki, ɗansa mai shekara 9 na biye da shi, leɓen sama a kumbure kamar an cusa masa goro. Uban ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro 'yar takarda a nannaɗe, irin wadda mai tsire ke ƙunsa nama a ciki, ya warware ta a kan teburina. Haƙorin gaba ne, cikakke har saiwarsa, fari tas, ya bushe ƙayau.

"Malama, ga shi nan. Tun ran Assabar ya hwaɗi bisa keke. Uwatai ta wanke shi da sabulu ta aje muna."

Na ɗauka na jujjuya. Ko tsaga babu a jikinsa. Da tun ranar Asabar ɗin wani ya mayar da shi raminsa, ko ya jefa shi cikin kofin madara aka taho, da akwai kyakkyawan zato yaron zai girma da abinsa. Wankin da uwar ta yi masa da zuciya ɗaya, da kwana biyun da ya yi cikin takarda, su suka kashe shi. Da na ce wa uban ana mayar da haƙorin da ya fita ya kuma kama, sai ya dube ni kamar na ce ana mayar da ƙwai cikin kaza.

"To ai ba wanda ya taɓa hwaɗa muna," in ji shi.

Gaskiyarsa. Ni ba likita ba ce. Shekarata 11 a sashen haƙori na wani asibitin gwamnati a nan jihar Kebbi, ni ke wanke wa mutane haƙora, ni ke miƙa wa likita kayan aiki, ni ke rungume yaro ana allura yana harbin iska. A Argungu nake zaune, 'ya'yana huɗu. Abin da zan faɗa a nan shi nake faɗa wa iyaye kullum a bakin ƙofa, sai dai a can ina faɗa ne bayan aikin gama ya gama.

In yaro ya faɗi a kan bakinsa

A fara da yaron, haƙori ya jira. In ya suma, ko yana amai, ko ya kama gyangyaɗi bayan faɗuwar, ko jini na fita ta kunne, maganar kai ce, a wuce asibiti kai tsaye. In kuka kawai yake, a zaunar da shi, a wanke bakin da ruwa mai tsabta, a ninke ƙyalle mai tsabta a danna wurin na minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Jinin baki akwai ban tsoro, don yana gauraya da miyau, cokali ɗaya sai ya zama kamar kofi guda. Ledar fiya-wata mai sanyi a kan leɓe tana rage kumburi.

Sai a nemi haƙorin, a cikin ƙasa, a jikin riga, a ƙarƙashin keken. In an same shi, tambaya ɗaya ce: na yarinta ne ko na girma? Yaron da bai kai shekara 6 ba kusan duk na yarinta ne a gabansa. Daga 7 zuwa sama, na gaban nan manya masu faɗi, waɗanda suka yi wa fuskar yaro yawa, bakinsu da 'yan tsage-tsage kamar na zarto, na girma ne, kuma babu wani a bayansu.

Na yarinta ba a mayar da shi, ko da saiwarsa ya fito. Na girma yana kwance a ƙarƙashinsa cikin ƙashi, in kika tura wancan sai ki ji wa wannan rauni. A kai yaron a duba shi kawai.

Na girma kuwa sauri yake so. Ki riƙe shi ta kansa, wato farin da ake gani in an yi dariya, kada yatsa ya taɓa saiwar. Saiwar nan lulluɓe take da wani siririn tantani mai rai wanda ido ba ya gani sosai, shi ke sake kama ƙashi, kuma soso ko bushewa na kashe shi. In ya kwashi ƙasa, ki ɗauraye shi da madara ko ruwa mai tsabta na 'yan daƙiƙu, iyakarta ke nan. Ba sabulu, ba sifirit, ba kankarewa. Ki dubi ɗan'uwansa na gefe don ki gane gaba da baya, ki zura shi raminsa a hankali har tsawonsu ya zo daidai, yaron ya ciji ƙyalle a kai, ku kama hanya. Na san da wuya uwa ta iya, hannu na rawa. Amma ramin a buɗe yake, haƙorin na shiga da sauƙi fiye da yadda ake zato, kuma wanda aka mayar cikin minti 15 zuwa 20 ya fi kowane samun sa'a.

In zuciya ta ƙi, a jefa shi cikin madara, sabuwar tatsa ko ta kwali wadda ba sukari. Ba nono ba, ba kindirmo ba, tsaminsu ya yi yawa. Ba ruwa zalla ba, yana lalata tantanin. In babu madara a kusa, a kaɗa ORS na leda da ake ba mai zawo a sa shi ciki, ko yaron ya tofa miyau a ɗan kofi a nutsa haƙorin. Wasu na cewa yaro ya riƙe shi a kuncinsa. Ni ba na so, don a bayan kabu-kabu, rami ɗaya za a faɗa ya haɗiye. A cikin madara haƙori na jure 'yan sa'o'i. A bushe kuwa, in ya wuce sa'a ɗaya yawancin tantanin ya mutu. Duk da haka, ko an makara a zo da shi, likita ne zai yanke hukunci.

In kun isa, kada ku bi layin kati ku zauna shiru. Ku ce wa ma'aikacin farko da kuka gani, haƙorin girma ne ya fita, ga shi cikin madara. Za a ɗauki hoto, a ɗaure haƙorin da maƙwabtansa da siririyar waya da gam na kusan mako biyu, a duba ko yaron na buƙatar allurar tetanus tunda ƙasa ta shiga ciwon. Sau da yawa sai an dawo an yi aikin jijiyar haƙorin daga baya, kada a ga ya tsaya a ce an gama. Cikin makonnin nan kunu, fate, tuwo mai laushi, ba rake ba ƙashin kaza.

Abin da ke cin lokaci shi ne neman inda likitan haƙori yake, don ba kowane asibiti ke da shi ba. A Birnin Kebbi akwai a asibitin Sir Yahaya da asibitin koyarwa na tarayya, a Gusau akwai a Cibiyar Lafiya ta Tarayya, a Sakkwato akwai a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ke Kamba ko Yawuri ko Zuru ya tambayi inda ya fi kusa da shi tun yau da ba a faɗi ba.

In gutsurewa haƙorin ya yi, a nemi guntun a sa a madara, sau da yawa ana manna shi ya zauna. A leƙa wurin da ya karye: in akwai ɗigon ja a tsakiya, jijiya ta bayyana, ranar za a je. In girgiɗa yake ko ya karkace, kada kowa ya yi ta taɓawa yana gwadawa. In kuma an nemi haƙori sama da ƙasa ba a gani ba, kada a ce ƙasa ta cinye. Wani lokaci ya nutse ne cikin dasashi, wani lokaci guntunsa na cikin naman leɓe, wani lokaci ma yaro ya shaƙe shi, musamman in ya kama tari. Hoto ke nunawa. Haƙorin yarinta da ya bugu yakan yi duhu bayan makonni. Duhun kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, amma in ɗan ƙurji ya fito a dasashin samansa, a kawo shi.

Malaman firamare da na islamiyya, wannan karatun naku ne fiye da na kowa, don a hannunku ake faɗuwa, a wajen langa da ƙwallo. Ban da keke, abin da ya fi kawo mana karyayyen haƙori daga ƙauye shi ne hannun famfon tuƙa-tuƙa, tsawonsa daidai bakin ɗan shekara 8. Sai buɗe lemon kwalba da haƙori, wanda yara ke koya daga yayyensu.

Tsutsar da ba wanda ya taɓa gani

Faɗuwa tsautsayi ce, ba kullum ba. Abin da ke cika mana benci kowace safiya kogon haƙori ne.

Babu tsutsa a cikin haƙori. Na leƙa bakunan da ba zan iya ƙirgawa ba da fitila da madubi, ban ci karo da ko ɗaya ba. Wadda mai magani ke nuna muku cikin kwano a kasuwa bayan ya turara wa yaro hayaƙi, ba daga bakin yaron ta fito ba. Ga abin da ke akwai: gobe da safe ki sa farce ki kankari haƙorin ɗanki kusa da dasashi, za ki ga wata farar dauɗa mai yauƙi. Gidan ƙwayoyin cuta ke nan, abincinsu sukari. In sun ci sai su fitar da tsami, tsamin ke zaizaye farin ɓawon haƙori, yadda ruwan indararo ke cin gindin katangar ƙasa, damina bayan damina, har ranar da za ta rufta. Duk sanda zaƙi ya shiga baki, tsamin nan na aiki kusan rabin sa'a ko fiye kafin miyau ya wanke shi ya fara gyaran ɓarna.

Shi ya sa sau nawa aka sha ya fi nawa aka sha illa. Yaron da ya cinye alawa biyar zama ɗaya bayan tuwo ya kora da ruwa, haƙorinsa ya sha wuya sau ɗaya. Wanda ke tsotsar ɗaya kowace sa'a tun safe har la'asar, nasa bai huta ba ko kaɗan.

Ban ce a hana ba. Wanda ya ce zai raba yaron Argungu da rake da mazarƙwaila bai san yara ba, balle ranar Sallah da kuɗin barka da Sallah ke ƙarewa a teburin mai alawa. A dai tattara zaƙin wuri ɗaya, a ba shi bayan abinci, a bi da ruwa. Tsakanin abinci ga ƙuli-ƙuli, ga awara, ga dafaffen ƙwai, ga rogo, ga kifi da Allah ya hore mana, ga gyaɗa da aya ga wanda ya wuce shekara 4, don ƙaramin suna iya sarƙe shi. Waɗanda suka fi ɓarna su ne masu danƙo: hanjin ligidi, tuwon madara, ɗan tamatsitsi, da biskit da ke cushewa a ramukan turmi ya yini a nan. Zoɓo da lemon kwalba sun haɗa biyu, ga sukari ga tsami. Ki bi sawun kuɗin tara na makaranta ki ga inda yake zuwa. Kakanni kuwa sai lallashi. Surukata har yau da alawa a ƙullin zanenta, mun yi sulhu a kan ta bayar bayan an ci abincin rana.

Ni ma na yi ɓarnar nan da hannuna, kafin in shiga wannan aiki. Da na yaye babbar ɗiyata, ta hana kowa barci, sai wata maƙwabciya ta ce in haɗa mata shayi da madara da sukari a fida ta kwana da shi. Ya yi aiki kuwa, barci har asuba. Bayan 'yan watanni na ga wani farin layi kamar na alli a gindin haƙoranta huɗu na sama, na ɗauka fari ne na kyau. Layin ya koma ruwan ƙasa, ya koma baƙi, kafin ta cika shekara 3 sun marmashe sun bar kututture. Na ƙasa ba abin da ya same su, harshe ya rufe su. Da dare miyau na raguwa, shayin ya kwana kwance a kan haƙoran ba mai wanke shi. Duk hotunanta na lokacin, hannu na kan baki. Abin da yaro zai kwana da shi a fida, in ya zama dole, ruwa ne kawai, kuma daga shekara ɗaya a koya masa kofi. Nonon uwa a ci gaba da ba shi har shekara biyu, sai dai in haƙora sun fito a riƙa goge su kafin barci. Maganin ruwa na yara ma yawancinsa da sukari, a bi shi da kurɓin ruwa.

"Ai na yarinta ne, zai yi famfara." Wannan maganar na ji ta fiye da sallama. Haƙoran yarinta 20 ne. Na gaba suna fara fita wajen shekara 6, amma turamen ciki suna nan har shekara 10 zuwa 12. Wanda ya ruɓe yana ɗan shekara 4, shekara nawa ke nan zai yi yana tauna da gefe ɗaya, yana kuka da dare, yana fashin makaranta? Ruɓar na iya gangarawa ta taɓa na girma da ke ƙasa. In kuma aka cire shi da wuri, maƙwabtansa su matso su cinye filin, na girma ya zo bai sami wuri ba ya hau kan wani.

Akwai kuma wanda ke ba ni takaici fiye da duka. Wajen shekara 6, wasu manyan turame huɗu na fitowa can ƙurya, bayan na yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Tunda ba a ga famfara ba, iyaye na ɗauka na yarinta ne. Na girma ne, na farko cikin 32, kuma shi zai yi wa mutum tauna har tsufa. Samansa da ramuka masu zurfi, buroshin yaro ba ya kai wa can. Ki ƙirga daga tsakiyar gaba zuwa ciki: na shida shi ne. In kin ga baƙin ɗigo a kansa, kada ki jira ciwo.

Yadda ake gogewa

Tun kafin haƙori ya fito, a riƙa share dasashin jariri da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa. Ranar da na farko ya leƙo, galibi na gaban ƙasa wajen wata 6, ranar buroshi ya shigo: ƙarami, mai laushi, nasa shi kaɗai.

Makilin kuma ba kowane ba. Ki juya bayan kwalin ki nemi inda aka rubuta sinadarin fulorayid da lamba a gefensa. Ki sayi mai 1000 ko sama, yawancin na manya 1450 ne kuma yara na iya amfani da shi in an kiyaye yawa. Wasu na yara masu hoton zane da ƙamshin alawa ba su da shi sam, kuɗi ne a banza. Fulorayid ke mayar wa ɓawon haƙori abin da tsami ya kwashe, ya kuma ƙara masa tauri, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan makilin cikin jerin magungunan da ba a rasa su a 2021. Wanda bai kai shekara 3 ba, a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Ba a cika buroshi daga kai zuwa gindi yadda ake yi a talla, don yaro na haɗiyewa, kuma yawan haɗiyarsa na sa haƙoran girma su fito da dabbare-dabbare.

Kada ki tsaya gabansa kina cewa buɗe baki, ba za ki ga komai ba. Ki zauna a tabarma ki miƙe ƙafa, ki kwantar da kansa a cinyarki kamar za ki sa masa kwalli. Da yatsan hagu ki ɗaga leɓe, ki ɗora buroshin inda haƙori ya haɗu da dasashi, ki riƙa 'yan kewaye ƙanana, haƙori biyu-biyu. Ta waje, ta ciki, sannan saman da ake tauna da shi. Ki fara da ƙurya tun bai gaji ba. Minti biyu. In yana kuka, to baki a buɗe yake, aiki ya zo da sauƙi, cikin mako guda zai saba. In an gama ya tofar, amma kada ya kurkure da ruwa. Nan ake gardama da ni kullum, har mijina. Kurkurewa na wanke maganin da aka sayi makilin dominsa.

Sau biyu a rana, kuma in ɗaya za a yi, na dare ne. Bayansa ba abin da zai shiga baki sai ruwa. Har yaro ya kai shekara 7 ko 8 babba ne zai goge masa, ko ya bar shi ya fara sannan ya bi baya. Yaron da ba ki yarda ya wanke miki kofin shayi ba, don me za ki yarda ya wanke turminsa? A gidanmu aikin dare na babansu ne, da ya dawo sallar isha'i suke jeruwa. In dasashi na jini wajen gogewa, ba buroshi ne ya ji masa ciwo ba, dauɗa ce ta kumbura shi, a ci gaba a hankali, cikin mako ɗaya ko biyu zai daina. In bai daina ba a kawo shi. Buroshi in ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, ko ya yi wata uku, a sake.

Asuwaki fa? Sunna ce mai ƙarfi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da shi a kowace salla. Yana kuma cire dauɗa sosai a hannun wanda ya iya. Yarana manya suna yi da rana. Amma ƙaramin yaro taunawa kawai yake, ba ya kai shi ƙurya, kuma ba ya maye gurbin makilin na dare. A tausasa bakinsa, a yanke wanda aka yi amfani da shi, kada kuma a bar yaro na gudu da shi a baki, na ga wanda ya soke ganɗarsa. Gawayi da toka da gishiri suna sa fari na ɗan lokaci ne ta hanyar kankare ɓawon, shi kuwa in ya tafi ba ya tsirowa.

"Haƙori yake yi"

Fitar haƙori na kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi, rigima, cizon duk abin da aka samu, wani lokaci ɗan ɗumin jiki. Ba ya kawo zawo mai yawa, ba ya kawo amai, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko jijjiga. Abin da ya sa suke haɗuwa shi ne a watannin nan ne yaro ke rarrafe yana kai komai baki, kariyar da ya samo daga jikin uwa kuma tana raguwa, ga sauron fadama. Kalmar "haƙori ne" ta sa an zauna da yara a ɗaki har ruwan jikinsu ya ƙare. Mai zawo a ba shi ORS da zinc, mai zazzaɓi a gwada jininsa.

Maganin haƙori na kwalba da na gari da ake saya a kemis, ni ban ba nawa ba. Masu shekaru za su tuna My Pikin a 2008, wanda gubar da ke cikinsa ta lalata ƙodar yara, aƙalla 84 suka rasu a ƙasar nan. Kafso ja da rawaya da ake fasawa a zuba a kunu, tetracycline ne, in an ba wanda bai kai shekara 8 ba yana rina haƙoran girma tun suna cikin ƙashi, su fito ruwan ƙasa har abada. Zuma ba a ba wanda bai cika shekara ba. Askar wanzami kuma ba ta da aiki a dasashin jariri, haƙori ya san hanyarsa. Ki wanke hannu ki murza masa dasashin da yatsa, ko ki ba shi cokali mai sanyi ko tsabtataccen ƙyalle mai sanyi ya ciza.

In haƙori ya tashi da ciwo tsakar dare, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, a sakace abincin da ya cushe a kogon, mai wayo ya kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, da safe a taho. Ba a ba yaro asfirin, ba a kuma danna ƙwayar a kan dasashi, ƙonawa take. Ruwan batir, garin taba, man kanumfari zalla, duk na ga aikinsu: haƙorin na nan da ciwonsa, an ƙara masa gyambo. In ciwo ya yi kwanaki ya ɗauke da kansa, kada a yi murna, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓar na ci gaba a ƙasa shiru. Kafson kemis na kwantar da kumburi ne ya dawo, sai an cike kogon ko an cire.

Wanda ba a jira gari ya waye shi ne kumburin da ya tasar wa ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko ya zo da zazzaɓi, ko yaro ya kasa buɗe baki ko haɗiyar miyau. Wannan na iya toshe numfashi. Kada a gasa da ruwan zafi, a nemi mota.

Akwai kuma cutar da mu mutanen Kebbi da Zamfara da Sakkwato ya wajaba mu sani, wadda likitoci ke kira noma, ba ruwanta da gona. Tana kama yara galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta rama, sau da yawa bayan ƙyanda ko wani dogon ciwo. Farkonta ba ta da kwarjini: dasashi ya yi gyambo yana jini, baki ya yi wari mai tsanani, sai kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya zube, rami ya buɗe a fuska, kuma mafi yawan waɗanda ba a kai asibiti ba ba sa rayuwa. Ba iska ba ce, ba sammu ba. A matakin gyambon nan, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin yara na wannan cuta tun 1999, kyauta ake yi, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ramammen yaro mai warin baki da jinin dasashi, ranar za a kai shi asibiti mafi kusa.

Sau ɗaya a wata, ranar da kike yanke musu farce, ki fito da kowane tsakar gida inda haske yake, ki ɗaga leɓen sama ki duba gindin haƙora. Farin layi irin na alli shi ne matakin da makilin da rage zaƙi ke iya mayarwa. Ruwan ƙasa ko rami sai ciko, kuma cikon ƙaramin rami aikin 'yan mintuna ne, wani ma ba allura. Ki zo da shi tun ba ya jin ciwo ya hau kujerar ya sauka lafiya, kuma don Allah a daina cewa "in ba ka yi shiru ba in kai ka a yi maka allura", mu ake bari da kokawar.

Yaron mai keke, likita ya duba ramin ya ga ba zai karɓi haƙorin ba. Na dindindin da ake dasawa cikin ƙashi sai ya gama girma, nan da shekara tara ko goma. Aka auna bakinsa aka yi masa na roba mai cirewa, wanda za a riƙa sakewa yana girma. Bayan Babbar Sallah na gan shi a filin ƙwallon bayan unguwarmu, ya tsaya bakin layi ya zare haƙorin ya ba ƙanensa ya riƙe masa, sannan ya shiga.